Rumbun Gida da Kwanon Waje: Tattalin Abincin Iyali a Ƙasar Noman Rani

(Kiɗan buɗe shiri, sa'an nan muryar mai gabatarwa)

Faɗakarwarmu ta yau ta shafi wani al'amari wanda babu gidan da ya kuɓuta daga gare shi, na mai wadata ne ko na mai ƙaramin ƙarfi, wato tattalin abin da iyali ke ci: yadda ake auna hatsi, da yadda ake tsara kuɗin cefane, da yadda ya kamata a yi hisabin abin da ake saye a ci a wajen gida. Za mu karkata maganar musamman ga jama'armu na Kumbotso da Kura da Bunkure da Garun Malam, domin Allah Ya haɗa musu abubuwa biyu waɗanda ba kowace ƙasa ce ta same su tare ba: ga gona mai ba da amfani rani da damina, ga kuma birni da kasuwanninsa da masana'antunsa a bakin ƙofa.

Dattawanmu da suka ga zamanin Gwamna Audu Baƙo ba su manta ba cewa kafin a gina madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka fara aikinta a 1971 aka kammala a 1974, manomin wannan yanki, in ban da mai ɗan lambu a fadama, da zarar ya kai amfanin damina gida ya rataye fartanya ke nan sai wata shekara, da yawa kuma su tafi cin rani. Da ruwan Tiga ya biyo magudanai ya iso Kadawa da Kura da Bunkure, a ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are wadda aka kafa a 1976, sai ƙasar ta zama ta alkama da tumatir da albasa da masara a lokacin rani, ta shinkafa a lokacin damina, har Kura ta yi suna da injinan casar shinkafa, Kwanar Gafan kuwa ta zama matattarar fataken tumatir masu loda motoci zuwa Legas da sauran biranen Kudu. Tare da wannan ni'ima, abin da ke damun duk mai tunani shi ne, sau da yawa mutumin da ya noma shinkafa buhu-buhu, ya sayar da ita shanshera a bakin gona ranar da kowa ke sayarwa, shi ne za ka iske a tsakiyar marka tsaye a gaban mai shago, yana auna kwano guda bashi a kan farashin da ya ɗara wanda ya sayar nesa ba kusa ba. Ɗan'uwansa kuwa da ke aiki a masana'antun Calawa ko Sharaɗa, yana zaune a Panshekara ko Ciranci ko Mariri, albashinsa kan ƙare tun wata bai raba tsakiya ba, ya rasa ta inda kuɗin suka bi.

Ba ma musun cewa zamani ya yi tsanani. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota da na niƙa da na ban ruwa suka tashi, kayan masarufi suka bi bayansu, har Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa a tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a shekara guda. A watan Yulin 2024 aka tsayar da mafi ƙarancin albashi a naira 70,000, daga baya Jihar Kano kuma ta sa nata 71,000, wanda duk mai zuwa kasuwa ya san iyakar inda zai kai shi. Waɗannan al'amura ne da suka fi ƙarfin magidanci shi kaɗai, hakkin gyara su yana wuyan shugabanni. Amma akwai wani sashe da ke hannunsa, kuma a kansa za mu tsaya. Ita dai Hukumar Ƙididdigar, a rahotonta na yadda gidaje suka kashe kuɗinsu a 2019, ta nuna cewa fiye da rabin abin da 'yan Nijeriya suka kashe a abinci ya tafi, kuma a cikin kuɗin abincin nan kaso mafi girma, wajen kashi 20 cikin 100, na abincin da aka ci a wajen gida ne. Abin da ya lashe rabin dukiyar gida kuwa, lalle ya cancanci a zauna a yi masa lissafi da natsuwa.

Asalin maganar a wurinmu ibada ce kafin ta zama dabara. Fuƙaha'un mazhabarmu ta Malikiyya, daga Risalar Ibn Abi Zaidin Alƙairawani har zuwa Mukhtasar na Shehu Halilu, waɗanda almajiranmu ke karantawa a zaurukan malamai, sun tabbatar da cewa nafaƙar mata da 'ya'ya ƙanana wajibi ce a kan namiji, gwargwadon halinsa da al'adar garinsu. Alƙur'ani mai girma, a Suratul Furƙan, ya yabi bayin da suka tsaya a tsakani wajen ciyarwa, ba su yi israfi ba, ba su kuma yi ƙwauro ba. Ya kuma tabbata a cikin Sahihul Bukhari cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kasance yana ware wa iyalinsa abincin shekara guda, alhali babu wani mahaluki da ya kai shi tawakkali. Ƙissar Annabi Yusufu, alaihis salam, da shawarar da ya bai wa mutanen Masar ta su bar hatsin shekarun yalwa a zangarniyarsa saboda shekarun fari, kowane ɗalibi ya san ta. Saboda haka wanda ya ce tanadi rashin dogara ga Allah ne, bai fahimci tawakkali ba. Wanda kuma ya ƙuntata wa iyalinsa da sunan tattali alhali yana da hali, ya faɗa cikin rowa, wadda ita ma abar zargi ce.

Matakin farko na tattali shi ne mutum ya san awon gidansa, kuma wannan ilimi yana wurin uwargida. Malam maigida, ka zauna da ita ka tambaye ta cikin mutunci: kwano nawa na masara ko dawa ko gero ko shinkafa ke shiga tukunya a mako, wake nawa, mai kwalba nawa? Idan ba a taɓa lura ba, a lura mako guda cur, a rubuta, da boko ko da ajami, ko a sa yaro ɗan makaranta ya rubuta. A ƙaddara gida yana cin kwano guda na hatsi kullum. Shekara tana da kwana 365, buhun da aka saba da shi a kasuwanninmu kuma yana ɗaukar wajen kwano 40, ka ga gidan nan yana bukatar buhu 9 da ɗoriya kafin wata kakar ta zagayo. Wanda ya riƙe wannan adadi a ransa ba zai yi gaggawar sayarwa ba ranar da dillali ya tsaya masa a bakin gona da kuɗi a hannu, domin ya san buhu nawa ne nasa na sayarwa, buhu nawa ne kuma hakkin bakunan da ke jiransa a gida.

Ga manomi, ranar girbi ita ce ranar tsara abincin shekara, kuma akwai jeri da ya kamata a bi. A fara fitar da hakkin Allah idan amfanin ya kai nisabi, wato wusƙi 5: ushuri ga abin da ruwan sama ya shayar, rabin ushuri ga abin da aka shayar da inji da wahala, a mazhabarmu kuma bashi ba ya kayar da zakkar hatsi, wanda gonarsa ta haɗa nau'in shayarwa biyu ya je ga malami ya warware masa. Bayan zakka a ware abincin gida bisa awon da aka sani, sa'an nan iri, sa'an nan a biya bashin taki da na ƙwadago, abin da ya saura shi ne na kasuwa. Wanda kuma duk gonarsa shinkafa ce ko tumatir, ya tuna cewa ba a tuƙa tuwo da tumatir, ya cire kuɗin masara da gero da wake daga cinikin farko tun kuɗin suna da albarka, kada ya jira sai damina ta yi nisa. Ajiya ita ma tana da sharuɗɗa: hatsi ya bushe sarai kafin a ɗinke buhu, a ɗora buhunan a kan katako nesa da ƙasa da bango, domin masara ko gyaɗar da ta yi funfuna cuta ce ga hanta. Wake kuwa, maimakon a zuba masa maganin ƙwari mai guba wanda ba a san ƙa'idarsa ba, a nemi buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro. Idan aka ɗaure shi da kyau iska ba ta shiga, ƙwarin sai su mutu da kansu.

Ga mai albashi da ɗan kasuwa da mai sana'ar hannu, waɗanda ba su da rumbu, hikimar ita ce su kasa abincin gida kashi uku bisa ga lokacin sayensa. Hatsi da wake a saye su da kaka, sa'ad da sabon amfani ya cika Dawanau da kasuwannin ƙauye, ko da mutum uku ko huɗu ne za su haɗa kuɗi su sayi buhu su raba, ko a shirya adashi yadda kwasar mutum za ta faɗo a watan girbi, domin Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Mai da gishiri da daddawa da kuka da sukari da sabulu da makamashi a saye su ranar da kuɗin wata suka shigo, kafin a taɓa su da wata hidima. Abin da ya rage shi ne kuɗin cefanen kullum, na nama ko kifi da ɗanyen kayan miya, a yanke masa adadi sananne wanda uwargida za ta dogara da shi, ba yau da yawa gobe babu ba. Sirrin wannan tsari shi ne, saye kaɗan-kaɗan a ƙullin leda ya fi kowane saye tsada, talaka kuwa shi ya fi kowa yin sa, don haka shi ya fi kowa biyan riba.

Kayan miya suna bukatar magana ta musamman, domin a nan ne mutanen ƙasar noman rani suka fi kowa dama. Daga tsakiyar hunturu zuwa farkon bazara tumatir da tattasai da attaruhu kan yi yawa har kwanduna su riƙa lalacewa a bakin titi, sa'an nan da saukar damina su yi wuyar samu, farashinsu ya hau. Ba mu manta da shekarar 2016 ba, sa'ad da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin tumatir, har masana'antar tumatir ta Dangote da ke Kadawa, wadda aka buɗe a shekarar, ta tsayar da aiki saboda rashin kaya; a wannan shekara gidan da ya ajiye kauɗa shi ya ci miya da kwanciyar rai. Iyayenmu mata sun san aikin tun kaka da kakanni: a yanka tumatir, a shanya a kan tabarma ko tamfal mai tsabta a wuri mai tudu, nesa da ƙurar titi da dabbobi, ya bushe ƙayau, a adana a wuri marar laima. Haka kuɓewa, haka tattasai, haka zogale da rama da yakuwa. Kwando biyu da aka shanya a watan araha suna ɗauke wa gida nauyin watannin tsada.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Jama'a masu sauraro, yanzu mun iso ga kwanon waje. Sayen dafaffen abinci ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, kuma ba abin kunya ba ne. Tun da can galibin gidaje tuwon dare suke girkawa, da safe a aika a sayo koko da ƙosai, da rana a dama fura. Wata Baturiyar Ingila mai bincike, Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa ta ƙasar Katsina a ƙarshen shekarun 1960, daga baya kuma ta yi nazari a Ɗorayi nan bakin birnin Kano, ta rubuta yadda matan aure ke gudanar da ciniki mai yawa daga cikin gidajensu ba tare da sun taka kasuwa ba. Har yau kuɗin waina da ɗanwake da alala da awara su ne jarin mata masu yawa, da su suke yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki, da su marayu da zawarawa ke rufa wa kansu asiri. Sau da yawa ma, idan aka lissafa itace ko gawayi ko gas da mai da lokaci, sayen ƙosai a maƙwabta ya fi soya shi a gida sauƙi ga ƙaramin iyali. Don haka kiranmu shi ne a shigar da wannan kwano cikin lissafi, a kuma bambance nau'o'insa.

Akwai cin larura, kamar na ma'aikacin masana'anta da ba zai iya komawa gida da rana ba, da direba, da ɗan ƙwadagon da ya wuni yana dashen shinkafa a Bunkure. Wannan a yanke masa adadi a kullum, kuma ranar da aka sami dama a ƙunsa masa abinci daga gida a kula ko a kwano mai murfi, kamar yadda iyayenmu ke kai wa manoma abinci gona. Akwai cin sabo, wanda shi ne mai cinye dukiya a ɓoye: shayi da burodi da ƙwai a teburin mai shayi bayan an karya a gida, lemon kwalba da rana, tsire ko balangu ko gurasa a majalisa bayan sallar isha. Kowane ɗaya ƙaramin abu ne a ranarsa, amma da yayyafi kogi kan cika. A ƙaddara magidanci yana kashe naira 1,500 kullum ta wannan hanya. A wata guda naira 45,000 ke nan, fiye da rabin mafi ƙarancin albashin Jihar Kano, a shekara kuwa naira 547,500, kuɗin da za su sayi buhunan hatsi da dama da kaka. Mutanen Kura da Kadawa sun fi kowa sanin cewa ƙaramar ɓaraka a jikin magudanar ruwa, idan aka ƙyale ta, ita ke hana ruwa isa gonar da ke ƙarshen layi. Gonar ƙarshen layi kuwa a gida ita ce tukunyar kwanakin ƙarshen wata. Akwai kuma cin alfahari, na wanda ke shiga manyan gidajen cin abinci na birni ko ya yi wa abokai bajinta don a ce da shi wani ne, alhali akwai bashin mai shago a kansa. Wannan shi ne almubazzarancin da shari'a ta yi hani da shi.

A nan akwai mas'alar adalci wadda ba za mu tsallake ta ba. Malam maigida, idan ka tsaya wurin mai nama ka ci kai kaɗai, ka goge bakinka, ka shiga gida ka iske matarka da 'ya'yanka sun ci tuwo da miyar da ba ta ga nama ba tun makon jiya, ka sani su ne aka ba ka amanarsu, kuma su za a tambaye ka. Yaro mai girma da mace mai ciki ko mai shayarwa sun fi ka bukatar nama da ƙwai da wake da madara. Kuɗin tsiren mutum ɗaya, idan aka kai su wurin mahauci aka sayo ɗanyen nama, sai ya ratsa miyar gida duka. In kuwa ranka ya biya da na waje, to, ka sayo a ƙunshe ka kai gida a ci tare, ka sami daɗin nama da ladan ciyarwa. Wanda yake da mace fiye da ɗaya, lalle ya kiyaye daidaito a cikin wannan ƙunshi kamar yadda yake kiyayewa a cikin kwana. Haka nan babu laifi magidanci ya ɗauki iyalinsa da Sallah, ko ranar da yaro ya sauke Alƙur'ani ko ya ci jarrabawa, ya kai su wurin cin abinci su yi farin ciki, matuƙar an tanadi kuɗin tun da wuri, ba daga kuɗin hatsi aka yanko su ba.

Ke kuma uwargida, rabin wannan aiki a hannunki yake. Awo ya daidaita da yawan masu ci, tuwon da ya kwana a ɗumama shi da safe, kada a zuba wa yaro abin da ya fi cikinsa a ƙarshe a kai bola. Idan kin ga hatsi yana gudu fiye da lissafi, ki faɗa tun buhu yana rabi, kada ki bari sai an kakkaɓe shi. Kuma ku biyun ku ware kason baƙo da almajiri da maƙwabci a cikin awon tun farko, domin tattalin da ya kore kyauta daga gida ya kore albarka, ciyayya tsakanin maƙwabta kuwa tana cikin kyawawan al'adunmu da bai kamata tsadar rayuwa ta kashe su ba. Ku tuna da watan azumi tun yana saura wata biyu ko uku, ku tanadi gero da sukari da mai kafin kasuwa ta motsa. Bashin mai shago, idan larura ta sa an ci, a rubuta shi a biya da zarar kuɗi sun shigo, kada ya hau kan na wani watan.

Abin da muke roƙon kowane gida ya aikata a cikin makon nan abu uku ne. Maigida da uwargida su zauna su fitar da awon gidansu na mako, daga nan su san na shekara. Maigida ya rubuta duk abin da ya saya ya ci a waje har kwana 7, kome ƙanƙantarsa, ba tare da ya ɓoye wa kansa kome ba, ya duba wanne ne larura wanne ne sabo. Sa'an nan su yanke shawarar abu guda da za su saya ko su shanya a lokacin arahar da ke tafe, su fara tara kuɗinsa daga abin da aka rage na waje. Wanda ya fi ƙarfin lissafi ya taimaki maƙwabcinsa da bai iya ba, limamai da masu unguwanni kuma su tunatar da jama'a, musamman a watannin girbi.

Allah Ya sa albarka a gonakinmu da kasuwanninmu da albashinmu, Ya ba mu ƙana'a da wadatar zuci, Ya sassauta wa talakawa tsadar rayuwa, Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, Ya kuma ba magidanta ikon sauke amanar iyalinsu. A nan za mu dakata, sai Allah Ya kai mu shiri na gaba.

(Kiɗan rufe shiri)